Marsiyyar Biko A Bakin Bature

 Zancenmu na yau a kan waƙa ɗaya tak zai tsaya, waƙar da wani Bature mutumin Ingila mai suna Peter Gabriel ya fitar a ƙaramin faifai cikin watan Agusta na shekarar 1980, ya kuwa raɗa mata sunan mutumin da ya yi ta dominsa, watau Biko. Na sani a cikinku akwai dattawa da malamai waɗanda da jin an ambaci kiɗan rok, irin na samarin Turawa masu jita da ganguna da gashi har kafaɗa, za su miƙa hannu su murɗa akwati zuwa wata tasha. To, ina roƙon arziki su dakata kaɗan, domin abin da ke ƙarƙashin wannan waƙa mas'ala ce wadda su suka fi kowa sanin nauyinta, mas'alar shaida: wane ne ya cancanci ya ba da ita a kan wanda aka zalunta, a gaban wa zai ba da ita, kuma me take amfanawa bayan alƙali ya riga ya rufe littafi.

Shi dai wannan mawaƙi an haife shi a shekarar 1950 a lardin Surrey, a gidan wadata, aka sa shi a Charterhouse, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun kwana da 'ya'yan manyan Ingila ke shiga, kuma a can ne shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Genesis a 1967. Shi ne zabiyarsu, kuma abin da ya fara shahara da shi, bayan murya, shi ne shigar ban mamaki: yau ya fito gaban jama'a da kan yanyawa da jar rigar mata, gobe ya fito fuskarsa a tsakiyar wani ƙaton fure, yana rera dogayen waƙoƙi na almara da tatsuniya waɗanda ba su da wata alaƙa da halin da duniya ke ciki. Da tafiya ta yi tafiya, zama ya soma tsami tsakaninsa da abokan, saboda jaridu shi kaɗai suke gani alhali kuwa aikin na mutum biyar ne. Sa'an nan a 1974 matarsa ta sha wuya wajen haihuwa, jaririyar ta jima a asibiti tsakanin rai da mutuwa, a daidai lokacin da ƙungiya ke can ƙauyen Wales tana haɗa sabon faifai tana jiransa. Ya zaɓi iyalinsa, ya cika alkawarin yawon wasan da aka riga aka tsara, a 1975 ya yi sallama da su, makaɗin gangarsu Phil Collins ya gaji makirufo. Waƙar da ya fara fitarwa da sunansa shi kaɗai a 1977, mai suna Solsbury Hill, labarin wannan rabuwa ce. Na kawo duk wannan ne don a gane cewa mutumin da za mu ji yana makokin ɗan gwagwarmayar Afirka bai fito daga gidan siyasa ba, bai taɓa ɗaukar kwali a zanga-zangar da ta sa aka san shi ba, kuma da yana nan cikin ƙungiya, inda kowace waƙa sai ta bi ta shawarar mutum biyar, da wuya a ce wannan ta ga rana.

Amma shi wanda aka yi wa waƙar, Stephen Bantu Biko, an haife shi ran 18 ga Disamba 1946 a gabashin lardin Cape na Afirka ta Kudu, ya tashi a unguwar baƙar fata ta Ginsberg a gefen garin King William's Town, ya shiga karatun likita a sashen da Jami'ar Natal ta ware wa waɗanda ba Turawa ba a Durban. A nan ya lura da wani abu da ya zama ginshiƙin da'awarsa duka. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wadda ke adawa da mulkin wariyar launin fata, Turawa masu sassaucin ra'ayi ne ke jan ragamarta, su ne masu magana, su ne masu kuɗi, su ne masu fassara wa duniya ciwon da ba a jikinsu yake ba. Baƙar fata kuwa yana zaune a gefe ana yi masa lauya. Biko ya ce wannan ma wani nau'i ne na bauta, domin mutumin da aka cusa wa ƙasƙanci a zuciya ba zai 'yantu ba muddin wani ne ke riƙe da harshensa, ko da mai riƙon masoyinsa ne. Saboda haka a ƙarshen shekarun 1960 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙar fata zalla, wadda ake kira SASO, ya zama shugabanta na farko, suka yi ta kira ga mutanensu da su san darajar kansu, su dogara da kansu, su gina asibitinsu da makarantarsu da hannunsu. Turawa masu kyakkyawar niyya kuwa, ya ce in da gaske suke yi, su koma cikin danginsu su yi musu wa'azi, can ne cutar take. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

A 1973 hukuma ta yi masa ɗaurin talala: kada ya bar gundumar garinsu, kada ya zauna da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, kada jarida ta buga maganarsa. Bayan boren 'yan makaranta na Soweto a watan Yuni 1976, wanda da yawa daga cikin jagororinsa da ruwan da'awarsa suka yi wanka, idon hukuma ya ƙara kafuwa a kansa. Ran 18 ga Agusta 1977 aka tare shi a shingen 'yan sanda kusa da Grahamstown, aka tsare shi a ƙarƙashin dokar ta'addanci wadda ta halatta tsare mutum ba shari'a ba wa'adi. Abin da zai ba ku mamaki, kwana huɗu bayan haka aka buɗe babban taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata a Legas, daga 22 zuwa 26 ga Agusta, Janar Obasanjo yana mai masauki, wakilan ƙasashe suna ta jawabi cikin zaure, alhali a daidai waɗannan kwanaki mutumin da ya fi kowa cancantar kujera a wurin yana kwance tsirara a ɗakin 'yan sanda a Port Elizabeth.

Ran 6 ga Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a benen Sanlam, hedikwatar 'yan sandan ciki, aka yi ta tuhumarsa dare da rana yana cikin mari, aka yi masa dukan da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin gwamnati biyu suka duba shi, suka ga magana ta sarƙe masa, tafiya ta gagara, amma na farko ya rubuta takarda cewa bai ga wata illa ba. Ran 11 ga wata, da jiki ya yi tsanani, maimakon asibitin da ke kusa, aka jefa shi bayan mota Land Rover ba sutura, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 da shi zuwa kurkukun Pretoriya, inda ya cika washegari, 12 ga Satumba, shi kaɗai a kan tabarmar ɗaki, yana da shekara 30. Ministan shari'a Jimmy Kruger ya fara cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi, ya kuma gaya wa taron jam'iyyarsa cewa mutuwar ko a jikinsa, 'yan taro suna dariya. Jaridar Rand Daily Mail ta tona asirin raunin da ke kan Biko, editan Daily Dispatch kuma, Donald Woods, wanda abokinsa ne, ya je ɗakin ajiye gawa aka ɗauki hotuna, daga baya ya sulale ya tsere ta Lesotho ya buga littafi a Ingila. Mutum wajen 20,000 suka halarci jana'izarsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin makamai na dole a watan Nuwamba. Amma alƙalin da ya zauna binciken mutuwar, bayan duk hujjojin da lauyan iyalin, Sydney Kentridge, ya baje a gabansa, sai ya yanke cewa ba wanda za a ɗora wa alhaki.

Gabriel a rediyo ya ji labarin, a BBC, kamar yadda ku ma da yawa kuka ji. Ya ce abin da ya girgiza shi shi ne ya ɗauka shaharar mutum da idon jaridun duniya sun isa su zama masa garkuwa a hannun 'yan sanda, sai ga shi ba su isa ba. Ya rubuta 'yan kalmomi ya ajiye, ya nemi littafin Woods da wasu ya karanta, sai a 1979, lokacin da yake haɗa faifansa na uku, ya komo kansu. A wannan faifai ya canja tsarin aikinsa: kiɗa yake fara kafawa, sa'an nan ya gina waƙa a kai, ya kuma hana makaɗansa taɓa faya-fayan tagullar nan da ake kaɗawa tare da ganguna, don sauti ya fito a bushe, da nauyi, ba ƙyalƙyali. Waƙar Biko ta fi kowace cin moriyar wannan hukunci. Tana buɗewa da muryoyin jama'a suna rera waƙar gwagwarmaya da harshen ƙasar, waɗanda aka ɗauka a wurin jana'izar kanta. Sai ganga mai zurfin murya ta shigo da bugu biyu-biyu, ba ta sauri ba ta fasawa, kamar sawun masu ɗauke da makara. Sai jita ta yi gurnani a ƙarƙashi. Can sama kuma wani sauti irin na algaitar mutanen Sikotlan mai salka, wadda suke busa wa sojojinsu a fagen fama da wurin binnewa, ko da yake a nan na'urar lantarki ce ta kwaikwaye ta. Baitin farko ba kuka a cikinsa ba zagi, an tsara shi ne tamkar rahoton ɗan jarida, wata da shekara da gari da lambar ɗaki, kuma a ganina nan ne balagar waƙar take, domin zaluncin da aka ƙididdige shi da adireshi ya fi wanda aka yi wa kururuwa tsayawa a zuciya.

Kada in ɓoye muku aibinta. Gangar da kunnen Bature ya ji ya ce ta Afirka ce, asalinta ta Brazil ce, surdo ake ce mata, kuma Phil Collins ne ya buga ta; bugun ba na Xhosa ba ne ba na Zulu ba, Afirka ce irin wadda mutumin Surrey ya zana a ransa. Kuma ba shi ya fara ba. Johnny Dyani, ɗan Afirka ta Kudu mai gudun hijira, ya yi wa Biko faifai tun 1978, mawaƙan rege irin su Steel Pulse sun yi masa makoki kafin 1980, a nan gida ma Sonny Okosun ya riga ya cika kasuwanni da waƙarsa ta wutar Soweto. Dukansu sun fi Gabriel kusanci da ciwon, amma tasa ce ta zaga duniya, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili: kamfanonin faifai da tashoshin rediyon Turai da Amurka sun fi saurin buɗe ƙofa ga fuskar da ta yi kama da tasu.

Shi kansa bai jahilci wannan ba. An ruwaito cewa ya yi ta kai-komo a zuciyarsa ko ya fitar da waƙar ko ya bar ta, yana tuhumar niyyarsa, yana tambayar kansa ko tausayi ne na gaskiya ko kuwa ɗan gata ne ke neman ado da musibar wasu. Abin da malamanmu za su kira tsoron riya. Abokinsa mawaƙi Tom Robinson ne ya ƙarfafa shi da cewa in dai waƙar za ta jawo hankali da taimako zuwa inda ake bukata, to muhasabar zuciyarsa ba ta isa dalilin binne ta ba. Wani cikas kuma ya zo daga 'yan kasuwa: kamfanin Atlantic, mai sayar da faya-fayansa a Amurka, ya saurari faifan ya ce ba zai sayu ba, har shugaban kamfanin ya nuna shakkar ko Amurkawa sun damu da wani mutum da ya mutu a Afirka ta Kudu, suka sallame shi. Kamfanin Mercury ya karɓa. Faifan ya fito a watan Mayu 1980 ya hau matsayi na ɗaya a Ingila. Ita waƙar Biko da aka ware ta a ƙaramin faifai ba ta wuce matsayi na 38 ba, kuɗin da ta samo kuwa ya miƙa su ga mutanen da'awar marigayin. Gwamnatin Pretoriya ta haramta ta, wanda ya nuna cewa masu tace waƙoƙi a can sun fi 'yan kasuwar New York fahimtar abin da ke cikinta.

Yanzu mu komo kan maganar da na ce ku riƙe. Mai neman aibi zai ce ga abin da Biko ya yi gargaɗi a kai ya auku a kan gawarsa: Bature mai sassaucin ra'ayi ya zama kakakinsa. Ni ban ga haka ba, kuma hujjata ita ce a duba su wa aka rera wa waƙar. Gabriel bai tafi Soweto ya koya wa mutane yadda za su yi gwagwarmaya ba, bai kafa ƙungiya ya naɗa kansa shugaba ba, bai sa wa mamacin magana a baki ba. Ya tsaya ne a gaban dubban samarin Ingila da Jamus da Amurka, 'ya'yan masu hannun jari a bankunan da ke ba Pretoriya rance, masu jefa ƙuri'a ga gwamnatocin da ke ƙin takunkumi, waɗanda suka sayi tikiti don nishaɗi, ya tilasta musu su ji sunan wani baƙar fata da lambar ɗakin da aka kashe shi. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da Biko ya ce Bature mai gaskiya ya yi, ya koma cikin danginsa. Har yadda yake rufe wasa da ita yana da ma'ana: da ita yake ƙarewa, ya juya makirufo ga jama'a, makaɗa su sauka ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya fice, a bar mai ganga shi kaɗai da taron mutane suna ɗaga dunƙulallen hannu suna amsawa, har su ma su gaji su yi shiru. Mai neman a gan shi ba ya barin dandali a lokacin da tafi ya fi yawa.

Ko ta yi tasiri? A nan ya kamata mai sharhi ya yi adalci, kada ya ba waƙa abin da jinin mutane ya saya. Mulkin wariya ya faɗi ne saboda yajin ma'aikata da boren unguwanni da matsin tattalin arziki da juriyar ƙasashen Afirka, ciki har da Nijeriya wadda ta ƙwace kadarorin kamfanin man BP a 1979, wadda kuma 'ya'yanta, irin su Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule da Janar Joseph Garba, suka shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya. Amma a cikin da'irar mawaƙa, sawun waƙar a bayyane yake. Steven Van Zandt, makaɗin jitar Bruce Springsteen, ya faɗa da bakinsa cewa jin ta ne ya sa ya fara binciken lamarin Afirka ta Kudu, har ya je ya gani da idonsa, ya dawo a 1985 ya tara mawaƙa da dama, daga Miles Davis zuwa Bob Dylan zuwa samarin Run-DMC, suka yi waƙar ƙaurace wa Sun City, wani wurin caca da shaƙatawa da aka gina a yankin Bophuthatswana, inda ake biyan manyan taurari irin su Frank Sinatra da ƙungiyar Queen kuɗi masu yawa su zo su wanke wa gwamnati fuska. Bayan wannan, zuwa Sun City ya zama abin kunya. Gabriel ya rera Biko a yawon ƙungiyar Amnesty na 1986 da na 1988, wanda ya biya ta Harare da Abidjan tare da Youssou N'Dour na Senegal, ya kuma rera ta a filin Wembley ran 11 ga Yuni 1988, a bikin cikar Mandela shekara 70, Mandela yana kurkuku, ana kallo a talabijin a ƙasashe da yawa. Joan Baez ta sake rera ta, Simple Minds ma haka, Manu Dibango na Kamaru shi ma ya ɗauke ta, watau ta dawo hannun 'yan Afirka. Shi kuma mai waƙar rayuwarsa ba ta koma yadda take ba: a 1982 ya shiga cikin waɗanda suka kafa bikin WOMAD na kiɗan al'ummun duniya, ya yi asarar da sai da tsofaffin abokansa na Genesis suka sake haɗuwa da shi wasa ɗaya don a biya bashi.

In ana son a ga bambanci, a gwada ta da fim ɗin Cry Freedom na Richard Attenborough da ya fito a 1987, inda Denzel Washington ya fito a matsayin Biko. Fim ne mai kyau, amma kafin a kai rabinsa Biko ya mutu, sauran duk labarin yadda Donald Woods da iyalinsa suka tsere ne, har mai kallo ya fita yana tausayin Baturen fiye da wanda aka kashe. Waƙar ba ta faɗa wannan rami ba. Daga farkonta har ƙarshe suna ɗaya ake maimaitawa, kuma ba na mawaƙin ba ne.

Saura batun shari'a. Ɗaya daga cikin likitocin nan biyu, Benjamin Tucker, an soke sunansa daga rajistar likitoci a 1985, bayan wasu likitoci masu kishin sana'arsu sun kai hukumarsu ƙara kotu. A 1997 tsofaffin 'yan sanda biyar suka bayyana gaban Hukumar Gaskiya da Sulhu suna neman afuwa, suka amsa cewa sun yi ƙarya a binciken farko, amma suka dage cewa kokawa ce ta kaure kansa ya bugi bango. Hukumar ta hana su afuwa, saboda ba ta gamsu cewa sun faɗi gaskiya duka ba. A 2003 ma'aikatar shari'a ta ce ba za ta gurfanar da su ba don ƙarancin hujja da tsawon zamani. Sai a watan Satumba na 2025, shekara 48 bayan rasuwarsa, hukumomin ƙasar suka ba da sanarwar sake buɗe binciken, a lokacin da akasarin waɗanda ake zargi sun riga sun mutu. Ba a taɓa ɗaure kowa a kan jinin Steve Biko ba.

Masu sauraro, wanda ke da hali ya nemi waƙar ya saurara, ya kuma nemi rubuce-rubucen Biko da aka tattara a littafi bayan rasuwarsa ya karanta, don ya ji mutumin da harshen kansa.